Bayan An Sare Aduwar Makabarta

Litinin, 6 ga Afrilu 1992, da hantsi

Ko shekara ba a cika ba tun ranar da rediyo ya ce an raba mu da Sakkwato, an ba Kabi jiharta. Ranar har ni na taka rawa a bakin kasuwa da wannan gwiwar tawa. Ban san ta kan matattuna jihar za ta biyo ba.

Jiya bayan sujada Fasto Riskuwa ya ja ni gefe. Yaro ne a kaina, amma yana da ladabi, sai da ya rage tsawo kafin ya yi magana. Ya ce, "Baba Tamba, masu titi sun aiko. Hanyar da za ta shiga sababbin gidajen ma'aikata za ta ci gefen makabartarmu, wajen gabas. Sun ba mu zuwa farkon watan gobe mu kwashe namu mu mai da su ciki. Bayan nan katafila za ta shigo."

Na ce to a hana su mana. Ya ce an gwada. Na ce a ƙara gwadawa. Sai ya ce, "Abin da ya sa hankalinmu bai tashi sosai ba, muna da kai. Kai za ka nuna mana kowa inda yake."

Gaskiyarsa. Tun Turawan mishan suna nan ni ke haƙawa, ni ke rufewa. Gicciyen itace muke kafawa, gara ta cinye shi, ruwa ya zo ya baje tudun. Abin da ya rage yana cikin kaina. Kuma a gabas ɗin nan matata Maryamu take kwance.

Ita ta koya mini baƙi da tsinke a ƙasa, ni ban taɓa zama aji ba. Ita kuma ta ɗora mini wannan hali, wai kada rana ta faɗi ban nemo abu guda da zan gode wa Ubangiji a kansa ba. To ga na yau: akuya ta haihu, ba ta sha wuya ba.

Laraba, 8 ga Afrilu, da la'asar

Na je makabarta. Tun kaka da gwiwa ta kwantar da ni ban taka gabas ba, samari ke yin aikin a yamma inda ake sa sababbi.

An sare aduwa.

Ba sarewa kaɗai ba, har kututturen an tone an yi gawayi da shi. Gari ya cika da baƙi, kowa na neman abin girki, ban ce komai ba. Motocin yashi kuma sun mai da wurin hanyarsu, sun daddale shi ya zama kamar masussuka. Ga turakun masu awo da jan fenti a kai, an jera su tun daga can har can.

Da aduwar nan nake lissafin kowa. Wane yana gindinta, wance tana inda inuwa ke kaiwa da hantsi, yaran da ƙyanda ta ɗauke suna ta hannun da reshe ya karkata. Na tsaya inda nake jin nan take. Na matsa gaba kaɗan, nan ma kamar nan take. Na daɗe a tsaye.

Zafi ne. Mutum ba ya tunani daidai cikin irin wannan rana.

Godiya: wani mai keke ya rage mini hanya.

Alhamis, 9 ga Afrilu, da azahar

Famfo bai kawo ruwa ba. Na koma can. Na dawo.

Asabar, 11 ga Afrilu, da yamma

'Yata Baiwa ta zo daga Badariya da tuwo. Ta share ɗaki, ta yi ta faɗa a kan na bar akuya tana shiga har gado. Ina cikin ci ta ce, "Baba, yaushe za ka kai ni ka nuna mini na Inna? Ina so in aza dutse tun yanzu, kada ranar a rikice."

Na ce miyar nan gishiri ya yi yawa.

Ta ce, "Ba maganar miya nake ba."

Na ce ni ita nake yi, ko ba ni da ikon yin maganar miya a ɗakina?

Ta dube ni irin kallon uwarta. Ta ce, "Tun yaushe nake cewa a zuba siminti a rubuta suna, ka ce ba a yi wa matattu ado, kana nan ai." Na ce har yanzu ina nan, ko ta ga na tafi? Ta kwashe kwanoni ta fita ba sallama, sai daga ƙofar gida ta ɗaga murya ta ce in riƙa shan maganin gwiwa.

Sabon maƙwabcina, ma'aikacin da aka dawo da shi daga Sakkwato, ya kawo injin wuta. Hayaƙin ta tagata yake shigowa. Na je in yi masa magana, ya tarbe ni da ruwan sanyi, na sha, na kasa faɗin abin da ya kai ni.

A sa ruwan sanyin a godiya. Ban so ba, amma a sa.

Lahadi, 12 ga Afrilu, bayan sujada

Fasto ya yi sanarwa a gaban jama'a. Ya ce ranar Asabar, biyu ga watan gobe, za a yi aikin kwashewa, kowa ya zo da diga da shebur, mata su kawo farin ƙyalle. Sannan ya nuna ni ya ce, "Mu gode wa Allah da ya bar mana Baba Tamba. Abin da babu a takarda, yana wurinsa." Aka yi tafi. Wata ta yi guɗa.

Wa ya ce a yi mini tafi?

Wa'azin a kan farin ciki ne. Ya ce mai bi ba ya yawo da fuska a murtuke. Ina ji ni yake kallo. Shi da bai taɓa sa mutum a rami ba. Na san bai kamata in rubuta haka ba, yaron ba shi da mugunta. Na bar shi dai don gaskiya ce.

Talata, 14 ga Afrilu, da safe

Akwai abin da na sani. In ruwan sama ya sauka mai yawa, tsohon kabari yana nuna kansa. Ƙasar da aka taɓa haƙawa ba ta komawa kamar ta Allah, takan sha ruwa da sauri ta ɗan lotsa. In aka yi ruwa guda mai kyau kafin ranar, zan ga jerin, in na ga jerin sauran zai dawo mini.

Shi nake roƙo yanzu safe da yamma. Ban roƙi a ta da kowa ba, ban roƙi a mai da titi baya ba. Ruwa kawai, abin da yake bayarwa kowace shekara ko ba a roƙa ba.

Sama fes, ko tsumman girgije babu.

Juma'a, 17 ga Afrilu, da la'asar

Yau ranar mutuwar Ubangiji. An tashi sujada da rana tsaka, na ce bari in biya can. Ban san Laure tana bayana ba.

Laure ita ce shugabar zumuntar mata. Tana yarinya ta zo garin nan da aure, 'yarta ta fari Sauda ta rasu shekarar ƙyanda tana goye. Ni na karɓe ta daga hannun uban, ko nauyin tulu ba ta kai ba.

Ta ce, "Baba, na daɗe ban zo ba, wurin duk ya sauya mini. Nuna mini Sauda in gaishe ta kafin a taɓa ta."

Tana tsaye tana jirana, ta cire takalmi ma.

Na ɗaga sanda na nuna.

Ta durƙusa a nan, ta dafa ƙasar da hannu biyu duk da zafinta. Ta yi addu'a mai tsawo, tana kiran yarinyar da sunan wasa. Da ta tashi ta ce, "Allah ya ƙara maka kwana, Baba. In ba kai ba wa zai riƙe mana waɗannan?" Ta nemo ɓaraguzan bulo ta kewaye wurin.

Mai yiwuwa nan ne. Ba nisa dai.

Asabar, 18 ga Afrilu, da yamma

Na nemi abin godiya ban samu ba. Na nema.

Lahadi, 19 ga Afrilu, ranar Ista, da azahar

Majami'a ta cika har waje, baƙin ma'aikata da matansu da turare. An yi kiɗa, an yi rawa, yara sun ci shinkafa. Na zauna a wurina na baya kusa da ƙofa.

Ina jin labarin nan na kowace shekara na tashin Ubangiji daga kabari, yau sai na ji shi daban. Matan cikin labarin ma sammako suka yi zuwa kabari ba su sami wanda suke nema ba. Amma su sun san ramin. Ko ba komai sun san inda za su tsaya su yi kuka.

Na ce, ya Ubangiji, ni ba musu nake da kai ba. Na yarda ka tashi, na yarda su ma za su tashi. Ni maganata ta ranar Asabar ce da katafila. Ka san ban taɓa ƙin fita ba, ko cikin damina, ko lokacin da ake gudun gawar mai amai da gudawa. Yanzu da na tsufa za ka bar ni in tsaya gaban mutane kamar gunki?

Bai ce komai ba. Ba yau ya fara ba, ni ma ba yau na fara ba.

Laure ta aiko mini da shinkafa da ƙafar kaza. Na ba yaran maƙwabta.

Talata, 21 ga Afrilu, da la'asar

Hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Na fito tsakar gida na cire hula. Iska ta taso ta yaye kwanon rumfar akuya ta jefa shi gidan mai inji. Aka yi yayyafi, ko ƙura bai kwantar ba, ya wuce wajen Kalgo.

Sai da na je roƙon kwanona.

Alhamis, 23 ga Afrilu, Argungu, da yamma

Na hau mota na zo wurin Hodi, ƙanen Maryamu. Tun da ta bi wannan addini namu danginta suka ɗauke ƙafa, shi kaɗai ne bai daina zuwa ba, a ɓoye, da kifi a cikin buhu. Ranar da aka rufe ta ma ya zo. Na ce ko shi ya riƙe wani abu.

Direba ya cusa mu kamar buhunan gero, wata ta aza mini kwandon kaji a kan gwiwar mai ciwo. A bar wannan.

A fadama na same shi, cikin albasar da bai cire ba tukuna, yana ɗibar ruwa da ƙwarya yana watsawa. Da ya hango ni ya miƙe ya riƙe ƙugu.

"A'a! Ɓarawon yayata! Mi ya kawo ka? Ko sabuwar jihar ta kore ka?"

Na ce jiha ta manyan mutane ce, ba ta san da masu warin kifi ba.

"Warin kifin nan ka biyo har gidanmu, tsoho. Zauna kada ka hwaɗi cikin albasata."

Muka gaisa, ya tambayi Baiwa da yaranta. Na ba shi labarin titi. Sannan na ce, "Hodi, ranar da anka rufe yayarka, ina ka tsaya?"

Ya ce, "Ni? Nesa na tsaya awa ɓarawo, kada a gan ni a kai labari gida. Akwai wata aduwa, bayanta na laɓe."

Na ce an sare ta.

Ya ajiye ƙwaryar. Ya dube ni, ya daɗe yana dubana, wasan duk ya bar fuskarsa. Ya ce, "Tsoho, ta ɓace maka ke nan."

Muka zauna a kan kunya muna kallon ruwa yana bin albasa.

Can ya ce, "To mi kake jira?" Na ce ruwan sama, na gaya masa yadda tsohon rami ke lotsawa. Sai ya yi dariya har da buga cinya.

"Kai dai ba ka da dabara tun kana saurayi. Dubi wagga albasa. Da sama nike jira da yunwa ta kashe ni da ɗiyana. Allah ya ba ku rijiya, ya ba ku mata masu kai, kuna zaune kuna kallon girgije? Ku ɗebo ku zuba mana!"

Na ce ruwan sha ma wuya yake yi a Birnin Kabi. Ya ce shi bai ce da sauƙi ba.

Muna komawa gida ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Amma ka sani, rami za ya nuna maka. Suna kam ruwa ba shi faɗi."

Na ce na sani. Na ce in na ga jerin zai dawo mini.

Ya ce Allah shi sa.

Matarsa ta yi mini tuwon shinkafa da miyar kifi irin wadda Maryamu ke yi, mai daddawa da yawa. Ban iya cinyewa ba. Na gode dai, na gode.

Asabar, 25 ga Afrilu, da hantsi

Na dawo. Na je wurin Fasto na ce ina so a jiƙa gabas gaba ɗaya kafin ranar aiki. Ya ce, "Cikin wannan rashin ruwan, Baba? Don me?" Na ce don ƙasa ta yi laushi, kada samari su karya diga.

Ya ce, "Kai ka san aikinka." Ya tafi ya gaya wa zumuntar mata.

Wato Laure ce za ta tara masu ɗaukar ruwan.

Lahadi, 26 ga Afrilu, da yamma

Ban je sujada ba. Gwiwa.

Ba gwiwa ba ce.

Talata, 28 ga Afrilu, da la'asar

Da sassafe ina fitowa na tarar da Hodi a ƙofar gida da ƙwaryarsa a hamata. Ya ce ya zo ya ga yadda mutanen birni ke ɓarnar ruwa. Na ce wa ya gayyace shi? Ya ce yayarsa.

Mata sun fito da yawa, har da matan baƙin. Daga rijiyar Nasarawa suke ɗaukowa, tafiya ce mai nisa, ga rana. Wani mai garuwa da ba ma na addininmu ba ya ba mu aron kurarsa ya ce matattu ba su da gaba da kowa. Hodi ya hana a kwara ruwan, ya ce a juye masa cikin baho, shi zai watsa da ƙwarya yadda yake yi wa albasa. Matan suna ta yi masa tsiya, wai baƙo ya zo ya zama sarkin aiki. Ya ce duk wadda ta iya ta karɓa.

Da farko ba abin da ya fito. Na tsaya da sandata ina jin idon mutane a bayana. Aka sake zagayowa. A zagaye na uku sai ga su. Inda ƙasa take ta asali ruwan ya kwanta yana sheƙi, ya gangara. Inda aka taɓa haƙawa ya shige, wurin ya yi duhu ya ɗan faɗa, dogo-dogo, ga manya ga ƙanana. Matan suka daina surutu. Wata ta fara waƙa a hankali, sauran suka karɓa.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina kafa tsinke. Na yi ta jira abin ya dawo mini. Sunayen suna nan duka, ina jin su a bakina, har da wanda ya riƙe fitila da wanda ya yi addu'a da irin zanen da aka naɗe kowa. Amma in na dubi ramin, rami ne kawai. Jerin ma ba yadda nake ganinsa a kaina yake ba, ya karkata.

Sai Laure ta sauke bokitinta ta ce wa Hodi, "Malam, zuba a nan, wurin 'yata." Cikin kewayen bulon nan nata.

Ya zuba. Ruwan ya kwanta. Ya ƙara. Ya kwanta, ya bi ta ƙarƙashin bulo ya fita. Ya ɗauki dagi ya soka, ƙarfen ya yi tsalle. Wurin nan tun da aka yi duniya ba a taɓa haƙa shi ba.

Hodi ya ce, "Wataƙila ƙaramin rami ne, ya ciko," don ya rufa mini. Ba ta ko dube shi ba. Ni take kallo.

Ta ce, "Baba, nan ka nuna mini."

Na ce nan na nuna.

"Ka sani, ko ba ka sani ba?"

Duk matan suna ji. Na ce ban sani ba.

Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta ce, "Da ka ce mini haka tun ranar, da kuka ɗaya zan yi." Ta ɗauki bokitinta ta tafi, ta bar takalminta a wurin.

Laraba, 29 ga Afrilu, da azahar

An ci gaba da ban ruwa. Laure ta zo, ta yi sawu fiye da kowa, ba ta gaishe ni ba. Na gaishe ta, ta gyara gammo.

An gama gabas. Duk wanda ke ƙarƙashin hanyar titi an gan shi, an kafa masa tsinke. Katafila ba za ta taka kowa ba. Ya kamata in rubuta wannan a godiya da manyan baƙaƙe. Na rubuta. Hannuna ne ya rubuta.

Alhamis, 30 ga Afrilu, da yamma

Fasto ya zo gida shi da Baiwa. Labari ya riga ya kai musu, amma ya yi kamar bai ji ba. Ya ce wani daga cikin sababbin 'yan'uwa ya yi alkawarin alluna na ƙarfe, a rubuta sunan kowa a kafa a sabon wuri. Ya ce, "Ko da ba duka ba, Baba. Waɗanda kake da ƙarfin zato a kansu. Mutane suna son wurin da za su tsaya."

Na ce zato na yi wa Laure.

Ya ce, "To ko na Mama Maryamu kaɗai."

Na so in ce e. Akwai wani rami a tsakiya, tsawonsa ya yi daidai da nata, tun shekaranjiya nake zagaya shi. In na ce shi ne ba mai musa mini, Hodi ma zai yi shiru. Na buɗe baki, sai na tuna akwai mata uku masu irin tsawonta a gabas, kowace da 'ya'yanta a garin nan.

Na ce, "Fasto, ban san inda matata take ba."



Baiwa ta tashi ta fita tsakar gida. Na ji tana jan hanci, tana kora akuya da ba ta yi mata komai ba. Da ta dawo na zaci maganar siminti za ta ɗauko, na shirya mata. Sai ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata ta ce, "Amma tana cikinsu ko?" Na ce wannan kam ko a gaban wa zan faɗa. Ta ce, "To a ɗauke su duka da hankali."

Fasto ya yi addu'a. Ba ta yi tsawo ba, na ji daɗin haka.

Juma'a, 1 ga Mayu, da la'asar

Samari sun haƙa dogon rami guda a ciki, nesa da turaku. Na ce a yi shi da zurfi, sun yi gunaguni, sun yi. Alluna kuwa na ce a haɗa su a yi ɗaya babba, a rubuta kowa, a kafa a kai. Mai alkawarin bai so ba, wai ba haka ake yi a Sakkwato ba. Na ce ya kai su Sakkwato.

Hodi yana nan, ya ƙi komawa. Yana salla a zaure, ina karatuna a ɗaki, akuya tana tsakaninmu. Ɗazu ya ce, "Tsoho, kai da kake cewa za a tashe su, mai tashin nasu kai za ya tambaya hanya?" Na ce ya kula da albasarsa. Amma maganar ta zauna. Shekara da shekaru ina ɗauka in na saki, sun ɓace. Ban ce na ji sanyi ba, ƙirjina yana nan da nauyinsa, kuma har yanzu ina ganin ruwan sama guda ɗaya ba zai rage shi da komai ba. Sai dai yau na iya cewa, ya Ubangiji, ga su nan, ka san su, ban ce da haushi ba. Ko da ɗan haushi, kaɗan ne.

Wuraren sun tafi, sunayen ba su tafi ba. Na gaya wa Fasto ba zan tsaya kan kowane rami in ce wane ne ba. In an gama kwasowa an naɗe kowa cikin ƙyallensa an jera, zan tsaya a kansu gaba ɗaya in kira su, kowa da sunansa da na garinsu, da ƙarfi yadda na baya zai ji. Na Maryamu ba zan sa shi farko ba, ba zan ajiye shi ƙarshe ba. Inda ya zo a bakina nan zan faɗe shi.

Suna ɗaya ne ba nawa ba ne in kira.

Gobe da sassafe, kafin masu diga su taru, zan bi ta gidan Laure. Zan yi sallama in tsaya a waje. Zan ce mata in an zo kan yara zan yi shiru, ita ta kira Sauda da bakinta. In ta fito, mu tafi tare. In ba ta fito ba zan jira har rana ta ɗaga, sannan in wuce, kuma in an zo wurin zan yi shirun duk da haka.